Yadda Ake Tsara Ɗakin Dabarun Yaƙi a Kumbon Soja na Ƙagaggen Labari

Idan ka zauna rubuta labarin yaƙi a sararin samaniya, ko kana haɗa wasan kwamfuta, ko kana zana dandalin ɗaukar fim, akwai ɗaki guda da ba makawa sai ka shige shi: inda hafsoshin kumbo ke taruwa su yanke inda za a bi, wanda za a harba, da lokacin da za a ja da baya. Yawancin masu ƙaga labari da ado suke farawa. Katuwar taga ta gilashi, taurari na ƙyalli a waje, fitilu ja da shuɗi, kwamanda a tsaye ya goya hannu a baya. Wannan ba ya riƙe mai karatun da ya san abin da yake yi. Abin da ke hura wa ɗakin rai matsala ce guda: duk labarin da ya iso cikinsa ya riga ya tsufa, kuma rabinsa zato ne. A kan wannan za ka gina komai, tun daga bango har kujera.

Mataki na 1: Rubuta dokokin duniyar labarinka tukuna

Kafin ka zana ko da tebur, ɗauki takarda ka amsa tambayoyi uku.

Ta farko, da wane sauri labari ke tafiya? A duniyarmu babu abin da ya fi haske gudu, kuma saƙon rediyo da na rada, na'urar hango abu daga nesa, duk da gudunsa suke tafiya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. A kunne yana da yawa, amma a sararin samaniya ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Daga nan zuwa Wata, wajen kilomita 384,000, haske na cin daƙiƙa 1.3. Daga Rana zuwa gare mu, minti 8 da daƙiƙa 20. Saƙo zuwa duniyar Mars kuwa tsakanin minti 3 ne zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke a kewayensu, kuma wannan zuwa ne kawai, ban da dawowar amsa. Idan ka bar wannan doka yadda take, kwamandanka shi kaɗai ne da hukuncinsa, domin kafin hedkwata ta ji abin da ake ciki an riga an yi an gama. Idan kuwa ka ƙirƙiro na'urar da ke kai saƙo nan take, ka sani ka rage wa ɗakin ƙima: manya daga gida za su riƙa tsoma baki a kowane motsi, hafsoshinka su koma 'yan amshin shata. Ni dai na fi son a bar jinkirin, shi ke ba labarin armashi.

Ta biyu, mutanen ciki suna da nauyi ko shawagi suke yi? Hanyoyi biyu kimiyya ta sani na samar da nauyi a kumbo. Ko dai a riƙa juya wani sashe nasa, wanda idan tazararsa daga tsakiya ta kai mita 224 yana zagaye sau biyu a minti, mutum zai ji nauyinsa daidai da na doron ƙasa. Ko kuma inji ya riƙa tura kumbon ba tsayawa, sai ɓangaren da injin yake ya zama ƙasa, ɗakuna su jeru bene a kan bene. Wannan ta biyun tana da daɗin rubutu, don da zarar an kashe inji kowa da komai sai ya tashi sama.

Ta uku, man kumbon yana ƙarewa? Ka ce e. Kumbon da mansa ba ya ƙarewa ba ya bukatar dabara.

Mataki na 2: Binne ɗakin a tsakiyar kumbo, ka toshe tagar

Sojojin ruwa da jini suka koyi wannan darasi. A daren 12 wayewar 13 ga Nuwamban 1942, a kusa da tsibirin Guadalcanal, jiragen yaƙin Amurka suka yi kiciɓis da na Japan cikin duhu. Jagoran rundunar Amurka, Admiral Daniel Callaghan, yana cikin jirgin San Francisco wanda ba shi da sabuwar rada mai kyau. Jirgin Helena, da ke can baya a layi, yana da ita kuma yana ganin abokan gaba, amma labarin sai ya bi ta rediyon baki da kowa ke magana a kai lokaci guda. Bayanin yana nan, hoton bai haɗu a kan mai yanke hukunci ba. Callaghan ya mutu a daren, haka ma Admiral Norman Scott. Kafin watan ya fita, Admiral Chester Nimitz, babban kwamandan rundunar ruwan Amurka a Tekun Pasifik, ya ba da umarnin a ware ɗaki a jiragen yaƙi wanda aikinsa kawai tattara bayanai, tacewa da miƙa wa kwamanda. Shi ne ɗakin da Amurkawa ke kira CIC har yau, kuma shi ne kakan wanda kake shirin zanawa.

Saboda haka ka raba ɗakin dabaru da ɗakin tuƙi. Masu tuƙi suna fama da daƙiƙar da ake ciki, masu dabaru suna fama da sa'o'i shida masu zuwa. Idan ka cusa su wuri guda, hayaniyar yanzu za ta danne tunanin anjima.

Ka sa shi a can tsakiya, kusa da inda nauyin kumbon ya daidaita, domin in an yi juyi mai kaifi nan ne wurin da ya fi ƙarancin wujijjiga mutane. Ka kewaye shi da tankunan ruwan sha na jirgin, don ruwa yana tare wani kaso na turirin Rana mai illa ga jiki, ga shi kuma ƙarin garkuwa daga tarkace. Ƙofofi biyu, a ɓangarori daban-daban, kowacce mai iya kulle iska. Sannan wani ƙaramin ɗaki na ko-ta-kwana can nesa, inda mataimakin kwamanda zai zauna lokacin artabu, don kada bugu ɗaya ya tafi da shugabancin jirgin gaba ɗaya.

Taga kuwa, me za a gani ta cikinta? Abokin gaba yana nisan dubban ɗaruruwan kilomita, ido ba zai taɓa riskarsa ba. Rauni ce kawai aka huda a jikin jirgi.

Mataki na 3: Zana hanyar da labari ke bi kafin ya hau tebur

Ɗauki fensir ka ja layi daga na'urar da ta fara hango abu har zuwa kunnen kwamanda, ka sa alama a duk inda hannun mutum ko kwamfuta ya taɓa labarin. Wannan layin shi zai faɗa maka inda kowace kujera za ta zauna.

Misalin da ya fi dacewa ka kwaikwaya shi ne tsarin da Hugh Dowding ya kafa wa sojojin saman Birtaniya, wanda ya yi aiki a 1940 lokacin da jiragen Jamus ke kawo hari. Tashoshin rada na bakin teku ba kai tsaye suke aika wa masu ba da umarni ba. Rahotonsu yana fara zuwa wani ɗakin tacewa a Bentley Priory, inda ake gwama su: wannan tasha ta ce jirage suna nan, waccan ta ce suna can, shin gungu ɗaya ne ko biyu? Sai an daidaita sannan a tura wa ɗakunan umarni, irin wanda ke ƙarƙashin ƙasa a Uxbridge, inda mata sojoji ke tura alamomi a kan katon teburin taswira da dogayen sanduna, manya kuma suna zaune a sama suna leƙowa.

Akwai wata dabara a ɗakin da ta cancanci ka ɗauke ta ɗungurungum. Agogon bango an raba fuskarsa da launuka uku, ja, rawaya da shuɗi, kowane launi minti biyar. Duk alamar da za a ɗora a tebur, launin da hannun agogo yake kai a lokacin ake ba ta. Da kallo ɗaya mai umarni zai gane wannan sabon labari ne, wancan ya kwana biyu, kuma ana kwashe waɗanda suka tsufa. A kumbonka ma kowace alama ta zo da shekarunta a goshi.

To ka tanadi matakai uku: masu sauraro da hange, masu tacewa, sai tebur. Kuma ka bar wa kwamanda hanyar tsallake masu tacewa ya ga ɗanyen bayani da idonsa in ya yi shakka. Rigima mai daɗi takan taso daga nan.

Mataki na 4: Teburin kansa

A nan ake yin ta, don haka bari mu ɗan zauna.

Matsalar farko, sararin samaniya ba shi da sama da ƙasa, ba gabas ba yamma. Taswira shimfiɗaɗɗiya ba ta wadatarwa. Sai hafsoshinka sun yi ittifaƙi a kan wani faifai na tunani da za a riƙa auna komai da shi, galibi faifan da duniyoyi ke bi wajen kewaya tauraronsu. Kowane abu a tebur sai a nuna shi da ɗigo da ɗan tsinke mai sauka zuwa faifan, tsayin tsinken ya nuna yadda ya yi sama ko ƙasa da shi. Kana iya sa hoton ya tashi a iska idan fasahar labarinka ta kai, amma ka tuna wanda ke tsaye a wancan gefen juyayyen hoto yake gani. Hafsan da ya ce "ta hagu" a irin wannan ɗaki ya cancanci tsawa. Da lamba ake magana: kusurwa kaza a kan faifai, kaza sama, nisa kaza. Kuma ma'auni ɗaya tak. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare na masu aikin ya ba da lissafi da ma'aunin fam, ɗayan kuma ya karanta shi a matsayin ma'aunin mita da kilo.

Matsala ta biyu ita ce zuciyar abin. Ɗigon da ke kan tebur kamar wasiƙa yake: yana gaya maka inda mai ita yake ranar da ya rubuta, ba inda yake yau da kake karantawa ba. Mu yi lissafi a fili. A ce abokin gaba yana nisan kilomita miliyan 9. Hasken da ya baro shi ya yi daƙiƙa 30 a hanya. Ka harba masa lesa, wato makamin haske, ita ma sai ta yi wasu 30 kafin ta isa. Minti guda ke nan yana abin da ya ga dama ba ka sani ba. Idan injinsa na iya tura shi da ƙarfi daidai da jan ƙasa, wato ƙarin gudun mita 9.8 a kowace daƙiƙa, a cikin minti ɗin nan zai iya gocewa fiye da kilomita 17 daga inda ka yi tsammani, ta kowace fuska ya zaɓa. Kumbo mai tsawon mita 300 a cikin wannan fili, ai sai dai sa'a. Yanzu matso da shi zuwa kilomita 300,000. Zuwa da dawowa daƙiƙa 2, gocewarsa ba ta wuce mita 20 ba. Nan kam ya shiga hannu.

Wannan lissafi shi zai ba ka siffar teburin. Kada abokin gaba ya bayyana a matsayin ɗigo. Ya bayyana a matsayin ƙwallon hazo da ke kumbura a duk daƙiƙar da ta wuce ba a sami sabon labari ba, ya tsuke da zarar an samu. Ka zana da'irori kewaye da kumbonka: a cikin wannan lesa tana samu, a cikin waccan sai makami mai linzami da ke gyara hanyarsa da kansa, bayan nan sai kallo. Mai karatu da ya fahimci da'irorin nan, hankalinsa zai tashi da kansa idan hazon ya fara taɓa ta ciki, ba sai ka buga masa ganga ba.

Matsala ta uku, babu birki. Kumbo ba ya tsayawa don an kashe inji. Yana ci gaba da gudunsa har abada. In ana son tsayawa sai a juya shi, injin ya fuskanci gaba, a ƙona mai har sai an cinye duk gudun da aka ɗauka. Kumbon da ke gudun kilomita 100 a daƙiƙa, yana rage gudu da ƙarfi daidai da jan ƙasa, sai ya yi kusan sa'a 2 da minti 50 kafin ya tsaya, ya kuma ci fiye da kilomita 500,000, tazarar da ta zarce ta nan zuwa Wata. Don haka abin da hafsoshi ke zuba wa ido shi ne layin da ke fita daga kowane kumbo yana nuna inda zai kasance nan da sa'a ɗaya, uku, shida, tare da mazurarin da ke nuna duk inda ragowar mansa zai iya kai shi. Idan mazurarinka da nasa ba su haɗu ba, babu yaƙi ko da kuna so. Idan nasa ya haɗiye naka gaba ɗaya, babu gudu. A bangon ɗakin, lambar da ta fi kowacce girma ta zama ta sauran canjin gudun da man tanki zai iya bayarwa.

Idan faɗan kusa da wata duniya ake yi, ƙara wannan: hankali na yau da kullum yana yaudara. A Yunin 1965, James McDivitt a kumbon Gemini 4 ya yi ƙoƙarin matsawa kusa da sashen rokar da ta kai su sama ta hanyar nufarsa kai tsaye yana ba da wuta, sai tazarar ta riƙa ƙaruwa. A kewayen duniya, ƙarin gudu yana ɗaga ka sama zuwa hanya mai tsawo, ka koma baya. In kana son cim ma na gabanka sai ka sauko ƙasa. Sabon hafsa da ya manta wannan a gaban tsofaffi, ka sami fage guda kyauta.

Mataki na 5: Zaunar da mutane, ka tsara wa ke magana da wa

Mutum shida zuwa goma sun isa. Mai hange da sauraro, mai tacewa, mai lissafin hanya da mai, mai makamai, mai kare jirgi daga abin da aka harbo, mai sadarwa, wakilin injiniyoyi, sai hafsan da ke riƙe da ɗakin a madadin kwamanda. Masu aiki da allo su fuskanci bango, masu yanke hukunci su kewaye tebur a tsakiya. Waɗanda aikinsu ke cin karo da juna, ka sa su kafaɗa da kafaɗa: mai makamai na son a matsa, mai lissafin mai na son a tsimi.

Magana kuma da ƙa'ida. A cibiyar kula da kumbunan Apollo a Houston, ɗaki cike da ƙwararru, amma mutum ɗaya ne kawai ke magana da 'yan sama jannati, kuma galibi shi ma ɗan sama jannati ne. Ɗauki wannan. Kowane rahoto ya fara da mai magana da wanda ake wa, ya ƙunshi tsufan labarin da ƙarfin tabbacinsa, sannan a maimaita umarni kafin a aiwatar. Ga yadda zai iya fita a rubutu:

"Hange ga tebur. Alama ta 14 ta kunna inji. Nisa miliyan 9, labarin daƙiƙa 30 ne, tabbaci rabi da rabi."

"Tebur ya ji. Ta 14, miliyan 9. Jirgin yaƙi ne ko na kaya?"

"Zafin injin ya yi kama da na kaya, Yallaɓai, amma juyin da ta yi ba na kaya ba ne."

Layi na ƙarshen nan shi ne aikin ɗakin baki ɗaya. Kuma lallai ka ba wani a ciki hurumin cewa a'a. A ranar 3 ga Yulin 1988, jirgin ruwan yaƙin Amurka Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran Air mai lamba 655 a sararin Tekun Fasha, mutum 290 suka mutu. Bayanan da na'urorin jirgin suka adana sun nuna jirgin saman yana hawa, kamar yadda jirgin fasinja ke yi bayan tashi, amma a cikin ɗakin bayanai an gaya wa kyaftin yana saukowa kamar mai shirin kai hari. Na'ura ta faɗi gaskiya, mutanen da tsoro da gaggawa suka cika suka ga abin da suke jiran gani. Akasin haka ya faru a daren 26 ga Satumban 1983, lokacin da kwamfutar gargaɗi ta Tarayyar Sobiyet ta ce Amurka ta harbo makamai masu linzami, hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya ƙi gaskata ta, daga baya aka gano hasken Rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan'adam. Idan za ka sa kwamfuta mai basira a kumbonka, waɗannan ranaku biyu su zama ma'auninka. Ka fayyace tun farko abin da aka yarda ta yi da kanta, kamar kakkaɓo makamin da saura daƙiƙa uku ya iso, da abin da sai ɗan'adam ya sa hannu.

Mataki na 6: Zafi da shiru

A sararin samaniya babu iskar da za ta kwashe zafi. Duk abin da inji, kwamfuta da jikin mutane suka fitar, sai an watsar da shi ta manyan fikafikan lagireto, kamar yadda Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ke yi da nata masu zagayar da sinadarin amoniya. Waɗannan fikafikai su ne mafi rauni a jikin kumbon yaƙi, kuma suna haskawa ga duk mai na'urar ganin zafi, tunda bayansu sarari ne mai sanyin kusan digiri 270 ƙasa da sifili. In an naɗe su don faɗa, zafi ya fara taruwa a ciki. Ka sa agogo na biyu a bango mai ƙirga mintunan da suka rage kafin dole a buɗe su. Gumi ya riƙa tsattsafo wa mutane tun kafin a harba komai.

Haka rada: kunna ta ka gani da kyau, amma ka sanar da kowa inda kake. Na'urorinka ma suna iya toshe wa juna kunne. A ranar 4 ga Mayun 1982, a yaƙin Falkland, jirgin ruwan Birtaniya Sheffield yana tsakar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, abin da ya hana na'urarsa ta sauraro jin radar jiragen Ajantina, makamin Exocet ya same shi, mutum 20 suka mutu. A ɗakinka a sami allo guda da ke nuna abin da aka kunna da abin da aka kashe, da mutum ɗaya da ba a fitar da ko ƙwayar saƙo sai da izininsa.

Mataki na 7: Tuna cewa jiki ne zai zauna a ciki

Kowace kujera da bel mai kama kafaɗu da ƙugu. Kowane kofi da murfi, kowane alƙalami da igiya, madafa a bango da silin. Haske ya yi ƙasa don alluna su fito, ɗakin ya yi sanyi saboda na'urori. Fanka kada ta taɓa yin shiru, domin inda babu nauyi iskar da mutum ya fitar takan taru a gaban fuskarsa, ta sa shi ciwon kai da dushewar tunani. Mutanen Apollo 13 a Afrilun 1970 sai da suka haɗa matatar iska da leda, kwali da salatif don wannan iskar ta kusa fin ƙarfinsu. Ranar da fankar ɗakinka ta tsaya, shirun kansa ya isa ya tayar da hankali. Daga waje kuwa ba ƙarar da za ta shigo. Fashewa ba ta da sauti a inda ba iska, sai wanda ya taɓa jikin jirgin za a ji ta ƙarfe da tafin ƙafa.

Kada ka mai da komai allon shafawa. A ranar 21 ga Agustan 2017 jirgin yaƙin Amurka John S. McCain ya yi karo da wani jirgin dakon mai kusa da Singafo, sojoji 10 suka mutu, kuma bincike ya nuna masu tuƙi sun rikice a kan wane allo ne ke riƙe da sitiyari da totur, ga gajiya da ƙarancin horo. Daga baya rundunar ta yanke shawarar mayar da totur na hannu a irin waɗannan jirage. Duk abin da kuskurensa ke kisa, ka ba shi makunni na gaske mai murfi, wanda hannu cikin safa zai lalubo a duhu. Ka kuma rubuta jadawalin karɓa-karɓa. Bin sawun abokin gaba na iya ɗaukar kwana uku, artabun kansa daƙiƙa arba'in, kuma wanda zai yanke hukunci a daƙiƙun nan wataƙila bai runtsa ba tun shekaranjiya.

Mataki na 8: Lalata ɗakin da hannunka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ka yanke me zai rage idan wuta ta ɗauke. Jiragen ruwan yaƙi har yau suna da tarho mai aiki da ƙarfin muryar mai magana kaɗai, ba batir ba lantarki. A da suna da allon gilashi a tsaye, soja a bayansa yana rubutu a juye da fensir mai maiƙo don na gaba su karanta daidai. Ka ajiye irinsu a kumbonka, tare da agogo mai wani, takardun lissafin hanya, da tocila a ƙarƙashin kowace kujera. Ka nuna su tun a babin farko ana yi musu kallon tarkacen da, don kada su faɗo daga sama ranar da aka bukace su.

Ka kuma san girman ɓarnar. Abu mai gudun kilomita 3 a daƙiƙa yana ɗauke da ƙarfi kwatankwacin nauyinsa na nakiyar TNT. Taurarin ɗan'adam Iridium 33 da Kosmos 2251 da suka yi karo a Fabrairun 2009 sun haɗu ne da gudun sama da kilomita 11 a daƙiƙa. Ƙusa guda a irin wannan gudu tana iya huda bango ta wuce, iska ta fara zurarewa. Don haka kafin faɗa kowa ya sa rigar sama jannati, hular kwano a maƙale a gefen kujera.

Mataki na 9: Gwada shi a takarda kafin ka rubuta fagen

Ja layi biyu a tsaye. A na hagu rubuta abin da ke faruwa a zahiri minti bayan minti, a na dama abin da mutanen ɗakin suka sani a wannan mintin. Misali, a minti na sifili abokin gaba ya saki makamai huɗu ba tare da kunna injinsu ba. A dama babu komai. A minti na 12 ɗaya ya gitta ta gaban wani tauraro, mai hange ya ga haske ya ɗan dushe, mai tacewa ya ce ƙura ce. A minti na 20 agogon zafi ya nuna saura 9, injiniya na roƙon a buɗe lagireto. A minti na 23 makaman suka kunna wuta, labarin ya iso bayan daƙiƙa 4.

Yanzu bi layin dama kaɗai, ka tambayi kanka a kowane minti: wa ya fara sani, a wace kujera yake, ta bakin wa zai bi kafin kwamanda ya ji, kuma daƙiƙa nawa hakan zai ci? Duk inda ka ga wani ya san abin da ke layin hagu alhali babu na'urar da ta kawo masa, goge. Duk kujerar da aka gama gwajin ba ta ce uffan ba, cire ta daga ɗakin ko ka ba mai ita aiki. Idan kuma layukan biyu suka zo daidai da juna tun daga sama har ƙasa, ƙara nisa tsakanin kumbunan sau goma ka sake gwadawa.